Askar Wanzamin Gaffati

Har yau ban manta da ranar da Malam Habu wanzami ya shigo maƙerarmu ta Zango ba. Shekara ta biyu ce ta babban farin nan, lokacin da mutane ke layi tun asuba don karɓar jar dawa. Ina da kimanin shekara talatin, ina aiki ƙarƙashin Sarkin Maƙera na unguwarmu, wanda shi ke karɓar aiki ya raba mana. Ni aka fi ba ƙananan ƙarafa, wuƙa da almakashi da aska.

Dattijon daga wani ƙauyen Gaffati ya tako a ƙasa. Ya buɗe zabira ya fito da aska, ya ce ta mahaifinsa ce. Bakinta ya yi giɓi uku, tsinin ya karye, ƙotar ta tsage. Da Sarki ya tambaye shi abin da ya same ta, ya ce saniyarsa ta ƙarshe ya feɗe da ita, don ya riga ya sayar da wuƙarsa. Abin da yake so a gajarta ta, a kaurara bakin, ta zama wuƙar kankare fata. An ce masa majema suna neman hannu, tunda fatun dabbobin da ke mutuwa sun yi musu yawa. Sarki ya miƙo mini ita.

Da na goge tsatsar sai na ga ƙarfen da ban taɓa riƙe irinsa ba. Na kasa yanke shi, sai na ce wa dattijon ya dawo jibi. Ga wanda bai san aikin ba, giɓi ba a cike shi. Sai an ci bakin gaba ɗaya a kan dutse har ya sauka daidai da giɓi mafi zurfi, ana yi ana tsoma ta a ruwa, don in ta yi zafi taurinta ya tafi. Yini biyu na yi a kai. Na zagaye tsinin da ya karye, na sassaƙa sabuwar ƙota da ƙahon sa, na wasa ta a kan fata har tana ɗauke gashin hannuna. Ban gaya wa Sarki ba. A zatona alheri na yi.

Malam Habu ya dawo, ya juya ta a hannu.

"Ɗana, aikinka ya yi kyau," in ji shi. "Amma wa zan yi wa aski? Garinmu saura gida huɗu. Rabona da askin suna tun bara."

Na ce, "Baba, ai ruwa zai dawo."

"Zai dawo. Jikokina ne ba za su iya jiransa ba."

Sarki bai yi mini faɗa a gabansa ba. Ya ce kawai in yi abin da aka sa ni. Kafin in karɓa, dattijon ya ce in cire hula in zauna. Ya jiƙa kaina, ya aske ni tas. Sannan ya ba ni ita. Na ɗora ta a kan uwar maƙera na datse rabinta, na kaurara bakin da na yi yini biyu ina gyarawa. Bai kalla ba, yana can yana ɗaure zabirarsa.

Na ƙara ganinsa sau ɗaya a majema, tsugune cikin wari, yatsunsa sun tsattsage. Kafin damina aka ce ya rasu.

Yini biyun da na ɓata masa, yini biyu ne gidansa ba abinci, kuma ban taɓa tambayarsa halin da yake ciki ba. Shi ya sa nake gaya muku, ku matasan maƙera: ƙarfe zai nuna muku abin da yake iya zama, amma mai shi ne ya san halin da ya baro a gida. Ku saurare shi kafin ku hura wuta.