Garmar Yayana a Hannun Masana

Yayana maƙeri ne, maƙerarsa tana bakin kasuwar Yankara. Ni kuwa malamin firamare ne a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, har kowane ma'aikaci ya sayi babur. Ni kaɗai na yi boko a gidanmu, duk takardar da ta shigo ni ake miƙa wa, kuma ni na jawo mana abin da ya faru.

Garmar shanu da ake kawowa daga waje ba ta jure ƙasarmu. Da ta ci karo da tsakuwa sai bakinta ya lanƙwashe. Yaya ya gano yadda zai ƙera bakin garma da tsohon sifirin na babbar mota, ya ɗan karkata shi yadda zai kifar da ƙasa ba tare da shanu sun wahala ba. Manoma daga Ruwan Godiya da Ketare har Sabuwa suna zuwa saye ranar kasuwa. Matsalar ɗaya ce: wani bakin sai ya yi damina uku lafiya, wani kuma ya tsage cikin mako guda, Yaya bai san dalili ba. Abin yana cin ransa ƙwarai.

Ana nan sai aka yi shela cewa gwamnati ta ware tallafi, kyauta, domin masu ƙananan sana'o'i su haɗa kai da masanan jami'a su inganta aikinsu. Na garzaya maƙera da labarin.

"Mi zai koya mani, mutumin da bai taɓa riƙe masaba ba?" in ji Yaya.

"Yaya, su fa sun san cikin ƙarfe. Za su gaya maka abin da ke sa shi tsagewa. Har injin walda za a ba ka."

Sai da na yi mako ina lallashi kafin ya dangwala yatsa a takardar neman tallafin.

Bayan kaka wani Dakta daga jami'a ya zo cikin farar mota, tare da wani dattijo mai kula da injinan ɗakin gwajinsu. Matar Yaya ta yanka kaji, Dakta bai ko buɗe kwanon ba. A ƙofar maƙera ya tsaya, hankici a hanci. Bahaushe ne kamar mu, amma da Turanci yake yi mini tambaya in juya wa Yaya, kamar mai aikin ba ya wurin. Ya sa aka loda garma uku a mota, suka tafi.

Dattijon nan ne ya dawo shi kaɗai, a motar haya, ba wanda ya aiko shi. Ya kwana biyu a zaurenmu. Ya tuɓe riga ya zauna gaban zugazugi, ya ce wa Yaya, "Malam, ruwan da kake tsoma ƙarfen ne ke cutar ka. Tsoma shi a baƙin mai, sannan ka sake ɗumama shi a hankali har ya yi kalar busasshen kara." Suka gwada, suka yi gardama, suka sake gwadawa. Daminar da ta biyo baya ko baki ɗaya bai tsage ba. Iyakar abin da muka samu ke nan, kuma mutumin da ya ba mu shi ko kuɗin motarsa ba a biya shi ba.

Sai takardar gayyata ta zo, wai za a baje kolin abin da tallafin ya haifar. Yaya ya sa babbar rigarsa ta Sallah muka tafi birni. Mai gadi ya tare shi a ƙofa, ya ce sunana kawai ke jikin kati. Da ƙyar na shigar da shi.

Ga garmarsa a kan tebur, an shimfiɗa mata farin ƙyalle, an shafe ta da koren fenti. Allon da ke gabanta ya ce sashen Dakta ne ya ƙirƙiro ta. Dakta ya hau mumbari yana bayanin yadda suka tarar da maƙeran ƙauye cikin duhun kai, ana ta tafi.

Yaya ya taɓa ni. "Mi yake cewa?"

Na ce, "Yana yaba maka." Ƙarya na yi, kuma ya gane, don ya ɗan jima yana kallona.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da Hausa, da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, ga wanda ya ƙera ta nan zaune! A ba ka masaba ka ƙera mana ɗaya mu gani!" Mutum biyu suka riƙe ni suka fitar. Dattijon yana can baya, kansa a sunkuye. A hanyar komawa, da muka wuce Faskari, Yaya ya ce, "Fentin ma bai dace ba. Ƙasa za ta cinye shi rana ɗaya."

Injin walda bai zo ba. Na yi ta zirga-zirga ofis, kullum a ce tallafin ya tafi a bincike da tafiye-tafiye. Daga baya aka ba wani kamfani a birni kwangilar ƙera garmar, suka yi ta da ƙarfe mara kauri, aka raba wa manoma da rangwame. Damina biyu maƙerar Yaya ta yi tsit, har ya koma gyaran fartanya da lauje. Da na kamfanin suka fara lanƙwashewa, manoman suka dawo da su a kan jakuna, ya cire bakunan ya sa nasa.

Har ya rasu bai taɓa ce mini "kai ka jawo" ba. Da ya faɗa, da wataƙila na huce tuntuni. Dakta kuwa na ga hotonsa a jarida, an ƙara masa girma, garmar tana gefensa.