Abin da Muka Ɓanɓare a Badun

Mun tashi daga Aliero da asubar Laraba, ana sallame salla, a gaban wata babbar mota da aka danƙara wa albasa har sama. Mu uku ne a gaba: direba, da abokina mai kayan, da ni rungume da jakar takalman gudu. Badun muka nufa. Su albasa za su sayar, ni kuwa gudun fanfalaki na rabin zango zan shiga, kilomita ashirin da ɗaya.

Masu bibiyata a nan sun san shekara guda ke nan da likita ya ce in ban motsa jiki ba sukari zai kwantar da ni. Tun lokacin nake gudu da sassafe, daga Jega in nufi Aliero, wata rana in yi wajen Maiyama. Mutanen garinmu kuwa ba su taɓa yarda magidanci zai yi gudu ba a koro shi ba. Wasu sun ce bazawara nake nema a Alelu, wasu sun ce kaina ne ya taɓu. Yayana, wanda majalisarmu take ƙofar gidansa, cewa ya yi wannan tafiyar ma akwai abin da nake ɓoyewa. Raina ya ɓaci, na bugi ƙirji a gaban kowa na ce ana sa sunan duk wanda ya gama a intanet tare da lokacinsa, su duba su gani.

"In munka ga sunanka," in ji Yaya, "ni da kaina ina bin ka da gudu har Maiyama."

A Maiyama muka karya da koko da ƙosai, a Yawuri muka sayi busasshen kifin da mai shi ta rantse na jiya ne, hancina ya ce na makon jiya ne. Daga Kwantagora zuwa Mokwa ramuka suka karɓe mu, motar tana rangaji, warin albasa ya shiga har cikin takalmana. Tun daga nan abokina ya fara yi mini karatu. Shekara ashirin yana kai kaya kudu, kuma a ganinsa abin da ya tsare shi abu uku ne: ba ya shan abin da baƙo ya miƙo masa, ba ya faɗin masaukinsa, ba ya ba kowa lambar wayarsa ta gaskiya. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, don ni ma haka nake. Ko mai shayin unguwarmu ya yi mini fara'a da yawa sai na leƙa kofin.

Mun kwana a Mokwa, muka haye gadar Jabba da hantsi. Daga nan ƙasa ta yi kore shar, doya jibge a bakin hanya kamar itacen girki, kuma arha ƙwarai in ka gwada da tamu. Da yammacin Alhamis muka shiga Badun. Garin tudu ne bisa tudu, rufin kwano mai tsatsa yana hawa yana sauka iya ganinka. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, duk hawan da na taɓa yi a shekara guda bai wuce na gadar Jega ba.

Ranar Juma'a na je karɓar takardar da ake maƙalawa a ƙirji mai ɗauke da lambar ɗan tsere. Matar da ke teburin ta tambayi sunana, da rukunin jinina, da wanda za a kira in wani abu ya same ni. Na ce a raina me suke shirin ya same ni? Ta juya takardar ta nuna mini bayanta, ta zubo Turanci da sauri. Ban kama ko rabi ba, amma na gyaɗa kai don kada a ce baƙauye ne.

A masaukinmu a unguwar Sabo abokina ya karɓi takardar yana jujjuyawa. A bayanta akwai wani siririn soso manne, da ya ɗaga shi ga haske sai ga zanen ƙarfe-ƙarfe a ciki.

"Wanga abu hwa?" ya ce. "Da irinai aka bin sawun mutum. Sun san jininka, sun san danginka, yanzu sun san inda kaka kwana. Kak ka yarda."

Ban yi musu ba, don abin da ke raina ya faɗa. Muka sa reza muka ɓanɓare shi tsaf. Abokina bai tsaya nan ba, ya fita titi ya manna shi a jikin wata motar haya mai zuwa Ikko, wai masu bin sawun su bi ta can. Muka ci amala da miyar ewedu muna dariya, muna jin mun fi kowa wayo a garin.

Asabar da safe na bar wayata a masauki saboda ɓarayi, na cusa dabino da ledar ruwa biyu a aljihu. Abokina ya wuce kasuwa wajen albasarsa. A wurin tashi mutane sun yi dafifi, maza da mata, tsofaffi da masu tumbi irina, kiɗa yana tashi. Aka busa, muka taka wata tabarmar roba da aka shimfiɗa a titi, muka kama hanya.

Tudun farko na haye shi da ƙarfin tuwo. Na biyu ya karɓe mini numfashi. A na uku na fara kiran sunan Allah da ƙarfi. Kowane ɗan nisa akwai tebur, 'yan agaji suna miƙo ruwa a kofi, ni kuwa sai in kauce in tsotsi ledata.

Wajen kilomita ta takwas na lura da wani dattijo Bayarabe mai furfura yana gudu dab da ni. Na rage, ya rage. Na ƙara, ya ƙara. Can sai ya ce da Hausarsa mai gargada, "Sannu, mutumin Sakkwato." Na waiga na dube shi. Ya aka yi ya sani? Ya ce ya yi aikin koyarwa a can yana saurayi, kuma yadda nake cewa wayyo ne ya tona ni. Na ce to, amma na matsa gefe ina dafe da aljihun da babu komai a ciki sai ƙwallon dabino.

A kilomita ta sha biyar ruwana ya ƙare, daidai gindin wani dogon tudu da ba a hango ƙarshensa. Rana ta ɗaga, iskar garin ga danshi, ƙafata ta dama ta ɗaure, idona ya fara ganin duhu-duhu. Na tuna Yaya da majalisa, na ji kamar in yi kuka. Dattijon nan ya karɓo kofi a tebur ya miƙo mini, na girgiza kai. Ya dube ni ɗan lokaci. Sai ya kai kofin bakinsa ya sha rabi a gabana, ya sake miƙo mini sauran.

"Sha, ɗan'uwa. In akwai wani abu, ni zan fara faɗuwa."

Wato tun ɗazu ya gane abin da nake zarginsa da shi. Kunya ta rufe ni, na sha. Ya koya mini in gajarta taku, in dubi ƙasa kada in dubi kan tudun, in bar hannuwa su yi aiki. Haka ya ja ni kilomita shida, alhali na tabbata da shi kaɗai ne da tuni ya isa.

Tare muka taka tabarmar ƙarshe. Na ji duk wanda ya taka sai wata na'ura ta yi ƙara, ni da na taka shiru. Har daɗi na ji, na ce ba su gan ni ba. Aka rataya mana lambar yabo a wuya, dattijon ya rungume ni da gumi da komai, ya ɗauke mu hoto da wayarsa a ƙarƙashin babban agogon da ke nuna lokaci. Ya ce in ba shi lambata ya turo mini. Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya saba. Na karanto masa lambar, na sauya biyun ƙarshe.

Ranar Lahadi muna hanyar dawowa, motar ba kaya tana ta tsalle, na buɗe jerin sunayen a waya. Na duba sama da ƙasa sau uku. Na sami sunana can ƙarshe, cikin waɗanda aka rubuta ba su zo ba. Sai a Jabba na zaro 'yar takardar bayanin da aka haɗo mini da ita, na karanta a tsanake. Soson nan shi ne yake gaya wa tabarma ka wuce, shi yake rubuta lokacinka. Na karanta wa abokina, sai da muka kai Mokwa sannan ya ce ai dai mun dawo lafiya.

Da la'asar ɗin Litinin na isa majalisa, na tarar sun riga sun ga jerin sunayen. Yaya ya karɓi lambar yabon ya auna ta a tafin hannu.

"Wagga ai ana saida irinta kasuwa. Ina hoto?"

Na ce ranar wayata tana masauki. Ya ce ina shaida? Abokina ya ce shi gaskiya yana wajen albasa, bai gani da idonsa ba. Aka fashe da dariya, wani ya tambaye ni ko bazawarar Badun ta fi ta Alelu.

Tafiyar nan ta koya mini cewa tudu yana hawuwa in ka gajarta taku. Ta kuma nuna mini cewa tsoron da nake kira wayo ya fi kowane ɓarawo yi mini ɓarna, don babu wanda ya taɓa ni a Badun, ni na cuci kaina da reza. Ban yi wa Yaya gardama ba, abin da na yi wa mutane can shi ya yi mini. Mutum ɗaya ne a duniya yake da hoton da zai wanke ni, wanda ya sha rabin kofi don in yarda da shi, kuma na san ya tura hoton tun ranar, zuwa lambar ƙaryar da na ba shi.