Ya Yi Zuciya

Shekarar da aka rufe iyaka, esansi, wato man fetur, ya yi wuya har 'yan kabu-kabu suka daina shigowa ƙauyenmu, a kakar wannan shekara yayana ya rasu. Darni ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa. Kwana huɗu yana kwance cuta na cin jininsa, ni ina bayan darnin ina jiran ya huce.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna. Shi mai zuciya, ni mai haƙuri, haka kowa yake faɗa daga garinmu har Kona. In aka ɓata masa rai ba ya duka. Ɗaki yake shiga, ya juya fuska ga bango, ya ƙi cin tuwo, sai a ce ya yi zuciya. Mun saba. Tun ranin da na shiga karatun manya ya daina kiran sunana, sai ɗan lakwal mai furfura, wato ɗan makarantar boko.

Ranar wata Laraba awakina suka tsinke suka afka wa harawar wakensa. Ya zo ƙofata yana ɗingishi, ƙafarsa ta hagu ɗaure da tsumma. Kututturen kara ne ya soke shi a gona, daga baya na ji. Na ga tsumman, ban tambaya ba.

"Ɗan lakwal, a takardarku babu inda aka rubuta a ɗaure akuya?"

"Yaya, yi haƙuri."

"Kai dai haƙuri, haƙuri. Awakinka ma da haƙuri suka cinye mini harawa."

Ya juya ya tafi. Washegari bai fito gona ba.

Ranar Juma'a matarsa ta leƙo ta kan darni ta ce mini, "Yayanka hwa ko hura bai sha ba. Na aza hannu bisa ƙirjinshi, zuciyarshi sai dakawa take kamar taɓarya."

Na ce, "Zuciya ai halinshi ce. Ki bar shi ya huce."

Ni na faɗi haka, da bakina. Matar nan ta gaya mini gaskiya tsaf, tana maganar naman da ke cikin ƙirjinsa, ni kuwa na ji ta da kunnen harawa. Kalma ɗaya muke da ita ga abin da ke bugawa da abin da ke hasala, na zaɓi wadda ba za ta tashe ni daga tabarmata ba.

Asabar da hantsi na shiga gaishe shi. Yana fuskantar bango, yana huci da sauri. Na yi sallama sau biyu. Can ya ce, "Kori awakin nan, ga su bisa gado." Babu akuya a ɗakin. Hankalinsa ne ya fara gushewa, amma ni na ɗauka gatse yake yi mini. Na fito ina yaba wa kaina da ban tanka ba. Dattawan ƙofar masallaci ma suka yaba mini. Wani ya ce da shi ne da tuni ya rama.

Lahadi Inna ta kwance tsumman. Warin ya kore mu daga ɗakin. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, hannuwansa sun yi sanyi. Muka ɗora shi a amalanke, sa mai jan ta yana tafiya cikin rairayi kamar ba abin da ya faru, muka isa gidan likita bayan azahar.

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya maƙala masa wani ɗan abu a yatsa. Lambobi suka fito jajaye. Na karanta su da kaina: ɗaya, huɗu, shida. Ina jin kunyar faɗa, amma a wannan lokaci har wani ɗan daɗi ya ratsa ni, wai na iya karatu.

"Baba, ka san mi ke nan?" in ji majo.

"Ɗari da arba'in da shida."

Ya cire abin ya sa a yatsata. Saba'in da takwas.

"Naka ke nan, kuma kai ka sha tahiya. Shi kwance yake. Tun yaushe zuciyarshi take wanga gudu?"

Matarsa ta dube ni. 

Majo ya ce ƙwayoyin cuta sun bi ta ciwon sun shiga jini, tansiyo, wato matsin jini, ta faɗi, shi ya sa zuciya take gudu don ta kai jinin inda ake bukata. Ya sa masa ƙarin ruwa, ya yi masa allura, ya rubuta takarda zuwa babban asibiti. A can aka ɗebi jininsa. Likita ta nuna mini wani layi a takardar awon, da Faransanci, ban iya karanta shi ba. Ta ce akwai abin da zuciya ke zubarwa cikin jini in ta ji rauni, nasa ya yi yawa ƙwarai. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, kuma sun yi, na gani da idona. Sai ta tambayi ranar da ya fara. Na ce Alhamis. Ta rubuta, ba ta ɗago kai ba.

Talata da la'asar lambar bugun zuciya a na'urar da ke bisa kansa ta fara sauka. Na yi murna, na ce wa matarsa ga shi nan yana hucewa. Ko a nan ban gane ba. Ta yi ta sauka har ta ƙare.

Kwana bakwai ina zaune a rumfar gaisuwa, duk wanda ya zo sai ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri. Wasu har su ƙara da cewa ai ni ba a koya mini, gwani ne. Na san ajali na Allah ne, ban yi musu ba. Amma Allah bai ce in zauna bayan darni ba. Wannan ni na yi, kuma gari guda ya taya ni, don ya fi sauƙi a ce mutum ya yi fushi da a ɗaura wa sa amalanke ana tsakiyar yankan hatsi. Yanzu in an ce wane ya yi zuciya, sai in tashi in je in kama wuyan hannunsa. An fara cewa na zama mai shisshigi. Su ce.

Mun rasa mutum ɗaya, bai cika hamsin ba. 'Ya'ya shida sun rasa uba. Matarsa ta gama takaba ta koma gidansu a Attantane da ƙanana biyu, ba ta yi mini sallama ba. Dami goma sha ɗaya na hatsinsa gara ta cinye a gona kafin mu dawo.