Ranar da Kawu ya ɗaure kansa saboda tauraro

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan manta ranar da na hargitsa layin 'yan albasa na kasuwar Malanville da bakina ba.

Lokacin ina ƙetarowa daga Gaya kowace safiya in taya kawuna sayar da albasa. Ran nan a kan gadar da ke tsakanin garuruwan biyu na tsinci wani shiri a rediyo. Mai magana ya ce akwai wani mataccen tauraro da ake kira magneta, girmansa bai wuce gari guda ba, amma babu maganaɗisun da ya kai nasa ƙarfi. Wai in ya yi tartsatsi, cikin ƙiftawar ido yakan zubar da wutar da rana za ta yi dubban shekaru ba ta fitar ba, kuma tartsatsin ya taɓa isowa duniyarmu. Nan batir ya mutu. Sauran bayanin ni na ƙarasa shi da kaina a teburin mai shayi. Na ce yau da azahar zai janye duk wani ƙarfe zuwa sama.

Na manta Kawu, da ke zaune a teburin, na da ƙarfe a cinya tun da ya yi hatsarin mota. Ya aje kofi ya ce, "Kai yaro, mi ka ce? Har na cikin jiki?"

Girman kai ya hana ni ja da baya. Na ce, "Shi za ya fara ɗauka, Kawu."

Kafin hantsi labari ya shiga harshen Dendi da Zabarmanci, ya komo mini da ƙari. 'Yan kabu-kabu suka ɗaure baburansu da igiya, wata mai tuwo ta zauna bisa babbar tukunyarta ta ƙi tashi. Kawu kuwa ya sa aka ɗaure shi a gindin dalbejiya, aka ɗora masa buhun albasa biyu a ƙafa, ya shiga yi mini wasiyya. Inuwa ta gushe, rana ta sauka kansa, dattijo mai hawan jini, amma ya rantse ba mai kwance shi. Da na ga idanunsa sun fara juyawa, duk da haka na kasa cewa ƙarya na yi.

Wani jandarma ne ya zo da malamin kimiyya na lakkwal, wato makarantar boko. Malamin ya ce tauraron gaskiya ne, amma nisansa ya sa ko allura ba zai motsa ba, tartsatsin ma ya wuce tun shekaru ba wanda ya ji a jikinsa. Kawu bai yarda ba. Sai malamin ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya manna masa a cinya. Abin ya sulale ƙasa. Ya ce irin ƙarfen da likitoci ke sawa ba ya kama maganaɗisu.

Kawu ya daka tsawa: "Wato jabun ƙarfe suka sa mini?"

Aka kwance shi, aka ba shi ruwa. Wata guda bai yi mini magana ba. Tun daga ranar, in na ji rabin magana nakan riƙe ta a rabinta, kuma na koyi faɗin "ban sani ba" tun kafin a ɗaure wani.