Takardun Ajamin da Dakta Ya Zubar

Shekarun baya wani dakta ya ci guminna ya share sunana. Ina da lambu a Rafin Guza, shi kuma yana binciken wasu 'yan ƙwari dangin malam-buɗe-littafi, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Tsutsarsu ce ke shiga tsakiyar ganye tana ci, tana barin farin zane. Mu masu lambu "rubutu" muke ce wa zanen.

Shekara biyu ina tsinko masa ganye, ina sawa a kwalba har ƙwaron ya fito. Kowace kwalba da lamba a murfinta, sannan in liƙa takarda mai wannan lambar da sunan ganyen. Da ajami nake rubutawa, don bokona a aji biyu ya mutu, can ma da ƙyar na kai. Dakta ya duba ya ce, "Malam, waɗannan layun fa?" Ya ɓamɓare su duka ya watsar. Na bi ina tsincewa kamar mai kalen gyaɗa.

Ya fitar da bincikensa, ya raɗa wa ƙwaron dogon suna irin na masana. Ko "mai lambu" bai ambata ba.

Ana nan sai ga wata ɗalibar jami'a ta yi sallama a gidana a Hayin Banki, masu lambun Rafin Guza ne suka yi mata kwatance. Ta ce, "Baba, sunan da Dakta ya raɗa yana rawa. Wasu masana sun ce sabon ƙwaro ne, wasu sun ce tsoho ne aka sake wa suna. Lambobi kawai muke da su, ba mu san ganyen da suka fito ba."

Na ɗauko gwangwanin madarar da na zuba takardun. Ta yi makarantar allo, da kanta ta karanta. Ashe ƙwari biyu ya haɗa a suna ɗaya: na yakuwa mai siririn rubutu, da na kuɓewa mai yin tabo. Ta ce da sauran aiki kafin masana su yanke hukunci, amma ta sa sunana a takardarta, cikakke, har da na mahaifina. Har yau ina yi wa yarinyar nan addu'a. Ta sauke mini abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Bara na haɗu da Dakta a wani ɗaurin aure a Doka. Ya miƙo hannu yana neman tuna ni. Na riƙe hannun na ce, "Ni ne mai layu, Dakta. Waɗanda ka zubar ɗin nan su ake karantawa yanzu don a gane me ka rubuta."