Tukwanen Kawu a Kududdufin Ƙofar Guga

Duk ranar da na sauya wa kifina ruwa, ƙarnin da ke tasowa yakan tuna mini da kawuna, yayan mahaifiyarmu. Ya shekara da yawa a kurmi yana fataucin busasshen kifi, a wani gari da kogi ke shiga teku. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya dawo Katsina, ya zauna a ɗakin da ke kusa da zaurenmu.

A can ya ga yadda mata ke kiwon wata halitta mai ɓawo biyu, irin makankarin da kakarmu ke kankare tukunya da shi. Ya ce 'ya'yanta kan yi ta yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu, sai sun sami abu mai tauri su manne. Matan ne ke sa musu abin da za su manne a kai, sun kuma san gurbin da 'ya'yan suke so: inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, kuma laka ba ta taruwa. Wadda ta kuskure gurbin ta yi asarar shekara.

Kawu ya ce kifi ma haka ne. Da damina ta kankama, kududdufin bayan gidanmu ya cika, ya tattara fasassun tukwane ya jera su a gefen da ruwa ke kwance. Ni nake riƙe masa kwando, ina 'yar shekara tara. 'Ya'yan tarwaɗa sukan ɓuya ciki, ya kwashe su ya rena a tsohuwar randa har su isa sayarwa. Da wannan yake ci, don ba ya son a riƙa aika masa da akushi kamar baƙo.

Wata shekara aka yi ruwa kwana biyu a jere. Laka ta gangaro daga ganuwa ta binne tukwanen duka. Ya tona ɗaya, ya duba, ya mayar. Maƙwabcinmu mai ɗinki ya ce, “Malam, ka bar wahalar nan, nan ba kurmi ba ne.”

Kawu ya ce, “Laifina ne. Matan can ratayewa suke yi, ni na aje ƙasa.”

Ranin nan akushin mahaifiyarmu ya ci. Da damina ta zagayo ya kafa turaku, ya rataye tukwanen da igiya, taƙi ɗaya sama da laka. Randa uku ya cika.

Yanzu an cike kududdufin, shaguna ne a wurin. Ni kuwa a leda ake kawo mini 'ya'yan kifi daga wurin ƙyanƙyasa, in juye su a tankin siminti. Suna girma lafiya. Amma da za ka kai ni bakin ruwa ka ce in nuna inda ƙananan suke kwana, sai dai in tsaya ina kallo.