Ranar da Na Hana a Ɗaye wa Mahaifiyata Rufi

Shekarun baya, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, ina aiki a wani ƙaramin ofis a GRA. Aikina nazarin hotunan rada, na'urar da ke hango hadari tun yana nesa. Kullum ina bin sawun guguwar farkon damina, yadda take haɗuwa a gabas da irin gudun da take yi. 'Yan gidanmu dai cewa suke ana biyana don in kalli talabijin.

Wata ranar Talata da hantsi na ga hadari ya ja layi, jawur a allo, ya nufo Katsina. Na auna tafiyarsa, na ga kafin la'asar yana kanmu. Sai na tuna ranar ce yayana ya kira kafinta ya ɗaye tsohon kwanon ɗakin mahaifiyata, ita kuwa tana kwance ba ta iya taka ƙafa.

Na haye acaɓa sai gidanmu a Ƙofar Sauri. Na tarar kafinta har ya hau, sama kuma fes, rana kamar ta fasa kai.

"Malam, don Allah dakata! Iska na tafe."

Ya duba gabas, ya dube ni. "Halan kai ka san gaibu?"

Yayana ya tuntsire da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na wuce wurin mahaifiyata na durƙusa.

"Inna, ba duba nake ba. Hadarin ya riga ya taso. Kamar wanda ke kan soro ne ya hango baƙo kafin na zaure."

Sai ta ɗaga murya: "A ce mashi ya sauko. Ku ƙara ma kwanon duwatsu."

Muka aza duwatsu, yayana na ta tsaki. Daga nan na zauna ina leƙen sama, ina addu'ar da ban taɓa yi ba: Allah Ya kawo iska.

Ana kiran la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iskar ta tuge darbejiyar ƙofar gida, ruwa ya biyo kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin Inna ko ɗigo bai yi ba.

Na sha gabatar da bincikena gaban manyan malamai, an tafa mini. Amma har yau babu tafin da ya kai mini daɗin ganin kafintan nan washegari da sassafe, guduma a hannu, ya ƙi taka tsani yana cewa, "Malam, duba mana tukun. In hau?"